Kamu Ɗaya Kafin Dutse: Yadda Ƙasa Ta Kayar da Garin Rugby a Tenesi

Idan guguwa ta ratsa dajin da ke kan tudun Kambalan, a gabashin jihar Tenesi ta Amurka, sau da yawa ba karya itace take yi ba, tumɓuke shi take yi ɗungurum. Je ka tsaya a gindin wanda ya faɗi ka gani. Saiwoyinsa sun miƙe tsaye kamar an jingine ƙaton faifai, faɗinsu ya fi tsayin mutum, amma kaurinsu duka da ƙasar da ta maƙale a jiki bai kai kamu ɗaya ba. A inda suka tashi kuwa babu rami. Falalen dutse ne fari-fari, sumul, kamar an share shi da tsintsiya. Itacen nan wataƙila ya shekara ɗari a tsaye, kuma duk wanda ya gan shi kafin ya faɗi zai iya rantsuwa cewa ƙasar da ta ɗauki wannan ƙato za ta ɗauki masara da alkama ba da wata wahala ba.

Irin wannan rantsuwa wasu Turawan Ingila suka yi a 1880, har suka kafa gari a kanta.

Mutumin da ya jagorance su sunansa Thomas Hughes, lauya ne, marubuci, kuma ya taɓa zama ɗan majalisar dokokin Ingila. Abin da ya dame shi wata matsala ce da mai karatu da ya saba da rabon gado irin na Musulunci zai ji ta banbaraƙwai. A gidajen masu ƙasa na Ingila, babban ɗa namiji shi ke gaje gida da gonaki gaba ɗaya. Ƙannensa an kai su manyan makarantu, sun iya Latin, sun iya wasan kurket, amma ba su da ko taƙi ɗaya na fili. Ayyukan da ake ganin sun dace da ɗan babban gida ba su wuce aikin lauya, likita, limancin coci ko hafsan soja ba, kuma duk sun cika. Riƙe fartanya a gida Ingila abin kunya ne a gare su. Sai Hughes ya ce to a kai su inda ba wanda ya san ubansu, su yi noma da hannunsu, su kafa gari na haɗin gwiwa inda ba mai raina sana'ar wani.

Filin kuwa ba shi ya samo shi ba. Wata ƙungiya ce ta attajiran birnin Bostan, ƙarƙashin Franklin W. Smith, ta fara neman ƙasa don ma'aikatan masana'antu da suka rasa aiki bayan karyewar tattalin arziki ta 1873. A daidai lokacin ana shimfiɗa layin dogo daga Sinsinati zuwa Chattanooga, ya ratsa ta kan tudun Kambalan, wurin da a da sai da doki ake shigarsa. Wani dillalin filaye, Cyrus Clarke, ya nuna musu dubban eka a farashi mai sauƙi. Kafin a kammala magana masana'antun Bostan sun farfaɗo, ma'aikata sun koma bakin aiki, sai Hughes da abokansa na Landan suka karɓi shirin. Smith ne ya zaɓi mazaunin garin, a wani tudu tsakanin kwazazzaban rafuka biyu, Clear Fork da White Oak, kimanin mil 7 daga tashar jirgin ƙasa mafi kusa. Kyan wurin ne ya ja shi: iska mai daɗi, ruwa garai-garai, inuwa ko'ina. Wurin shaƙatawa ya gani. Ranar 5 ga Oktoba, 1880, Hughes ya buɗe garin, ya sa masa suna Rugby, sunan makarantar da ya yi a Ingila.

Abin da ke ƙarƙashin ganye

Tudun Kambalan shimfiɗaɗɗe ne a sama kamar tebur, ya ɗaga kan kwarurukan da ke gefensa da kimanin mita 300. Abin da ya riƙe shi a sama wani murfi ne na dutsen yashi. Fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce, manyan koguna suka riƙa kwaso rairayi daga tsaunukan da ke tasowa ta gabas suna jibgewa a nan, rairayin ya danne, ya daskare ya zama dutse, da jijiyoyin kwal a tsakankaninsa. Dutsen yana da taurin kai. Ruwa ya cinye duwatsu masu laushi da ke kewaye ya mai da su kwari, shi kuwa ya bar shi tsaye. To taurin da ya sa tudun ya zama tudu, shi ne kuma ya hana shi yin ƙasa. Dutsen da ba ya narkewa da wuri ba ya haifar da turɓaya da wuri, kuma a kan gangare ɗan abin da ya samu ruwa na iya wanke shi kafin wani ya taru.

Ko da ya narke ma, me zai bayar? Kusan dukan ƙwayoyinsa ƙanƙarar dutse ce, wadda ba ta ɗauke da komai na abincin shuka. Farar ƙasa idan ta narke tana barin yumɓu da sinadarin kalsiyam, shi ya sa kwarin Sequatchie da ke tsage tudun ta kudu, da filayen kewayen birnin Nashville, waɗanda ke kan farar ƙasa, suka zama gidan noma tun farkon zuwan Turawa. Dutsen yashi idan ya narke, yashi yake komawa. Ga kuma wani rashin rabo: ƙanƙarar sanyin da ta taɓa rufe arewacin Amurka, ta niƙa duwatsu ta bar wa jihohi irin su Iowa da Illinois sabuwar ƙasa mai ƙarfi, ba ta iso Tenesi ba. Ƙasar Kambalan tsohuwa ce, ruwan sama ya daɗe yana tace ta.

Masana ƙasa na Amurka suna raɗa wa kowace irin ƙasa suna, kamar yadda manomin Hausa ya bambanta jigawa da fadama da fako. Mafi siranta a kan wannan tudu suna kiranta Ramsey. Ɗauki shebur ka haƙa ta. Da farko za ka yaye tabarmar ganye da ƙananan saiwoyi, mai kamar kaurin yatsa biyu. Ƙarƙashinta ƙasa baƙa-baƙa mai ƙanshin daji, wadda ba ta wuce kaurin tafin hannu ba. Daga nan launi ya koma rawaya-rawaya, ka murza a yatsa ka ji gursa-gursa, da gutsattsarin dutse a ciki. Kafin ka kai santimita 50, wani wurin ma 20 ko 30, sai ka ji ƙwal, shebur ya daki dutse. Ƙarshen gonarka ke nan ta ƙasa. 'Yar'uwarta mai suna Lily takan kai santimita 50 zuwa 100, Lonewood kuma ta zarce mita ɗaya. Abin da ke rikita baƙo shi ne dukansu suna kwance kusa da juna, daji iri ɗaya ya rufe su. A tsakiyar doron tudu za ka iya samun mita guda, ka yi taku hamsin zuwa bakin kwazazzabo ka tarar dutse ya leƙo waje.

Yanzu a yi lissafin ruwa, don a nan maganar take. Ruwan sama a tudun Kambalan ya kai milimita 1,300 a shekara, ya zarce na Kano da Zariya, kuma kowane wata ana samu. Wanda ya ji haka zai ce fari kuma daga ina? Amma shuka ba ruwan shekara take sha ba, abin da ƙasa ta riƙe mata tsakanin ruwa da ruwa take sha. Ƙasa mai yashi-yashi tana riƙe wa saiwa kamar milimita ɗaya da 'yan kai a kowane santimita na zurfi. Idan zurfin 30 ne, randarka ba ta wuce milimita 30 zuwa 40 ba, ka kuma cire wurin da tsakuwa ta cinye. Masara idan tana goyo a zafin Yuli takan sha milimita 6 a rana. Ke nan mako ɗaya ba ruwa, ganye ya fara naɗewa. Manomin kwari mai ƙasa zurfin mita biyu zai yi mako uku bai ɗaga kai ya dubi sama ba. Idan kuma ruwan ya zo da yawa, randar ta cika nan da nan, sauran ya bi kan dutsen ya gangara, ya tafi da ƙasar da aka kafce.

Sai tsami. A ma'aunin da ake auna tsamin ƙasa, inda 7 ke tsakiya, wannan ƙasa tana tsakanin 4.5 da 5.5. A irin wannan tsami sinadarin alminiyam yana narkewa ya ƙone bakin saiwa, ta dunƙule ta kasa miƙewa, ɗan fosfat ɗin da ke akwai kuma ya ɗaure, shuka na gani ba ta iya ci. Ciyayin da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, dangin wake da Turawa suka saba shukawa don hutar da gona, su ne suka fi ƙin tsami.

To yaya itatuwan suka yi girma haka? Su ba gaggawa suke yi ba. Itacen oak na kan tudu da fayin da casnot sun saba da yunwa. Saiwarsu tana bin tsagar dutse ta sha ruwan da garma ba za ta taɓa kaiwa ba. Abin da suka tsotso a shekara suna mayar da shi ƙasa idan ganye ya zuba, ya ruɓe, saiwoyin da ke cikin tabarmar nan su sake kama shi kafin ruwa ya wuce da shi. Jari ɗaya ne ake ta juyawa shekara ɗaruruwa. Dukiyar wurin a jikin itace da ganye take, ba a cikin ƙasa ba. Ranar da aka yi sassabe aka cinna wuta, an fasa asusun ke nan. Toka za ta kashe tsami ta ciyar da shukar shekara ɗaya ko biyu, manomi ya yi murna, daga nan gona ta fara ja da baya. Mutanen Rugby kallon kitse suka yi wa rogo.

Ba a ce babu mai sanin wannan ba. Mazauna tudun na asali, jikokin Turawan da suka shigo bayan da kabilar Cherokee ta sallama yankin a farkon ƙarni na 19, ba su da yawa, kuma ƙarancinsu kansa shaida ce. Kusan shekara ɗari ayarin masu neman ƙasar noma suna tsallake tudun su wuce yamma. Waɗanda suka zauna sun san inda ake shuka: ƙasan gangare da bakin rafi, inda ƙasar da ta zubo daga sama ta taru. Doron tudu kuwa makiyaya ce. Su saki shanu da aladu a daji su ci 'ya'yan oak da casnot, su sa wa daji wuta a ƙarshen sanyi don sabuwar ciyawa ta fito. Baƙin da suka zo da akwatunan littattafai sun ɗauki wannan a matsayin lalaci da rashin wayewa.

Shekara bakwai

Sanyin farko, na 1880 zuwa 1881, ya zo da tsanani, gidajen katako ba su gama haɗuwa ba. Da zafi ya shigo sai fari ya biyo baya, kuma mun ga abin da fari ke yi wa ƙasa mai kamu ɗaya. A cikin wannan zafin ne zazzaɓin taifot ya ɓarke ya kashe mutum 7, har da editan jaridar garin, aka rufe masaukin baƙi na Tabard don a tsabtace shi. Taifot cutar ruwan sha ce, kuma ni a ganina ko a nan ƙasar tana da hannu. Ƙasa mai zurfi tana tace ƙazantar masai kafin ta kai rijiya. Inda dutse ke kusa, ƙazantar takan bi kan falalen ko ta shiga tsaga ta tafi yadda take. Har yau littattafan binciken ƙasa na Amurka suna gargaɗin cewa irin Ramsey ba ta dace da ramin masai na gida ba.

Ga kuma rikicin takardu. Filayen da Clarke ya yi alkawari, da yawansu iyakokinsu sun hau kan juna, wasu masu su kuma suka ƙi sayarwa. Aka shiga kotu, shekaru suna tafiya, wanda ya biya kuɗin gona bai riƙe takardar mallaka ba. Cinikin biri a sama aka yi tun daga Landan. Wa zai kashe ƙarfinsa yana cire kututture a filin da gobe alƙali zai iya ba wani?

Duk da haka garin ya yi ɗan tashe. Zuwa 1884 akwai mutum 300 zuwa 400, gine-gine sun haura 60, da kantin haɗin gwiwa, da filin tanis, da ƙungiyar wasan kwaikwayo. An buɗe ɗakin karatu a 1882 wanda ya tara littattafai kusan 7,000. Mahaifiyar Hughes, tsohuwa mai shekara 80 da ɗoriya, ta ƙetaro teku ta zauna a garin don ta ƙarfafa wa ɗanta gwiwa. Abin da bai taɓa tashi ba shi ne gona. Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne masana'antar tumatirin gwangwani da aka kafa a 1883. An kawo injuna, an tanadi komai, sai aka rasa tumatirin da zai ishe ta aiki. A 1884 masaukin Tabard, wanda baƙinsa ke kawo wa garin 'yan kuɗi, ya ƙone. A 1887 tsohuwar ta rasu, Hughes bai sake zuwa ba, kuma kafin shekarar ta ƙare yawancin waɗanda aka fara da su sun watse. Shi kansa ya rasu a Ingila a 1896, bayan ya yi asarar dukiya mai yawa a kan garin.

Labarin da aka fi so a bayar shi ne na 'ya'yan hutu: samari masu jiran kuɗi daga gida, da la'asar su yi wanka su sa fararen kaya su tafi tanis, a sha shayi ƙarfe huɗu. Akwai gaskiya a ciki, kuma yana da daɗin faɗa. Amma idan aka tsaya a nan an yi wa ƙasar sassauci. Abin tambaya shi ne, da a ce ƙwararrun manoma aka kawo, da sun ci?

Tarihi ya yi wannan gwaji da kansa. A 1934, lokacin babban matsin tattalin arziki, gwamnatin shugaban Amurka Roosevelt ta sayi kimanin eka 10,000 kusa da garin Crossville, a kan wannan tudu dai, ta zaɓi iyalai wajen 250 daga cikin dubban da suka nema. Waɗannan ba 'yan gata ba ne. Mahaƙa kwal ne da masu saran katako da ƙananan manoma na yankin, mutanen da hannunsu ya yi kanta. Suka sare daji, suka fasa dutsen yashin wurin suka gina gidaje masu kyau da har yau ana zaune a ciki. Amma ƙananan gonakin ba su riƙe iyalan ba. Albashin aikin ginin ne ya ciyar da su, da ya ƙare sai aka shiga neman masana'antar da za ta ɗauke su aiki, ita ma masana'antar gwangwanin da aka kafa musu ba ta yi tsawon rai ba. A shekarun 1940 gwamnati ta sayar musu da gidajen ta janye hannunta. Unguwar ta rayu, mafarkin kowa ya ci daga gonarsa ne bai rayu ba. Dutsen ya fi ƙasar da ke kansa amfani, don har yau ana fasa shi a kewayen Crab Orchard ana kai shi birane a yi ado da shi.

Abin da kuɗi ya gyara

Ba daidai ba ne a ce tudun Kambalan ya gagari noma har abada. Wanda ya bi hanyar Crossville yau zai ga shanu a korayen makiyaya, da gonakin ɗanyen wake. Abubuwa uku suka kawo haka, kuma babu ɗayansu a hannun mutanen Rugby. Na farko garin farar ƙasa, wanda manyan motoci suka sa ya yi arha a hawo da shi daga kwari a watsa tan-tan a eka, ya kashe tsami. Na biyu takin fosfat, wanda hukumar raya kwarin Tenesi da aka kafa a 1933 ta riƙa sarrafawa tana rabawa manoma don gwaji a gonakinsu. Na uku wata ciyawa mai juriya da wani malamin jami'a ya gano a wata gona a kan tsaunukan Kentaki a 1931, aka fitar da irinta ga manoma a 1943 da sunan Kentucky 31. Tana kama siririyar ƙasa ta rufe ta shekara da shekaru ba a sa garma ba. A taƙaice, ilimin zamani ya dawo kan abin da mazauna dajin suka sani: tudun na dabba ne. Ya dai musanya 'ya'yan itace da shukakkiyar ciyawa, musamman da yake wata cuta ta shafe itatuwan casnot a farkon rabin ƙarni na 20.

Amma a lura da inda aka yi wannan nasara. A kan Lily da Lonewood aka yi ta, masu zurfin da za su riƙe ruwa. Tsami ana sayen maganinsa a buhu, yunwar ƙasa ma haka. Zurfi ba a sayar da shi. Santimita ɗaya na ƙasa a kan dutsen yashi aikin ɗaruruwan shekaru ne, ruwan dare ɗaya kuma yana iya kwashe shi daga gangaren da aka nome. Shi ya sa a taswirar ƙasa ta yau, inda duk aka rubuta Ramsey a kan gangare, shawarar ita ce a bar wa daji. Ko itacen katako ma a can a hankali yake girma, kuma shi ne farkon faɗuwa idan iska ta taso.

Ma'aikatar gona ta Amurka ta fara binciken ƙasa gunduma-gunduma a 1899, shekara 19 bayan buɗe Rugby, don haka ba za a zargi Hughes da ƙin duba taswirar da ba a zana ba. Sai dai abin da ake bukata bai kai taswira ba. Sandar ƙarfe mai tsini da yini biyu na yawo sun isa: a caka nan, a caka can, a ji inda take nutsewa da inda take tsayawa. Ko kuma a zauna da tsohon da ke kiwon aladu a dajin a tambaye shi dalilin da ya sa gonarsa take can ƙasan rafi, alhali ga fili shimfiɗaɗɗe a ƙofar gidansa.

Rugby ba ta mutu gaba ɗaya ba. 'Yan tsirarun iyalai sun zauna, suka riƙa gyara cocin da aka gina a 1887 da ɗakin karatun. A 1966 wani saurayi ɗan shekara 16 daga yankin, Brian Stagg, ya kafa ƙungiyar adana garin, kuma kusan 20 daga cikin gine-ginen farko suna nan tsaye. A 1974 majalisar dokokin Amurka ta keɓe kwazazzaban da ke arewa da garin, kimanin eka 125,000, ta mai da su gandun shaƙatawa na Big South Fork. Filayen da aka sare don tumatir yawancinsu oak da fayin sun sake rufe su. Masu zuwa yanzu 'yan yawon buɗe ido ne, su kwana a gidajen katako, su shiga ɗakin karatu su ga littattafan nan 7,000 a kan kantocinsu na asali, sannan su bi 'yar hanyar da samarin 1880 suka fitar, su gangara Clear Fork su yi wanka a gurbin da ruwa ya fafe cikin dutse.